Risiba biyu a kan dish ɗaya: ta ɗakin Inna ta ƙi zama

Baban_Ummi_Taura
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. Tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, na dawo da Inna gidana, na gyara mata ɗakin da ke kusa da rumbu, can ƙarshen tsakar gida. Da farko takan lallaɓo falona bayan magariba ta kalli wa'azi. To yanzu gwiwa ta matsa mata, kuma ko ta zo sai ta tarar yara sun kafa wa wasan kwaikwayo ido, ita kuwa kawaici ba ya barin ta ta ce a canza. Sai ta zauna shiru da carbinta, can ta ce barci take ji, ta miƙe. Abin yana ci mini rai.

Ranar kasuwar Gujungu na sayo 'yar ƙaramar talabijin da risiba ta hannu. Yaron shagon ya haɗa ni da wani ɗan ƙarfe mai baki uku, wai sifilita, ya ce in yanke wayar da ta sauko daga dish in raba ta biyu, shi ke nan. Na yi yadda ya ce. Wani lokaci duka biyun su kawo tar, amma da zarar yara sun canza tasha a falo sai ta Inna ta ɗauke. In kuwa na kashe ta falo ɗungurungum, ita ma ta Inna sai ta bi ta. Shin matacciyar risiba aka sayar mini, ko sai na kafa wani dish ɗin? Nawa na kyauta ne, ba na biyan kuɗin wata.

Dan_Gujungu
Malam, tsakaninka da Allah, ɗakin Inna ko ɗakin amarya? Mu fa mun saba jin irin wannan shimfiɗar 😂

Baban_Ummi_Taura
Dan_Gujungu, mace ɗaya gare ni, ita ma da ƙyar nake riƙe cefanenta. Ka bar tsokana, ka yi mini addu'a.

Injiniya_Gumel
Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima ta mahaifiya. Kada ka koma ka yi rigima da mai shago, risibarka lafiyarta ƙalau, kuma ba ka buƙatar sabon dish.

Mutane suna ɗaukar wayar dish kamar tiyon ruwa, a yi mata mararraba kowa ya ɗiba. Ba haka take ba. Hoto yana saukowa ta cikinta, ita kuma risiba tana tura wuta sama zuwa wancan ɗan abin da ke bakin sandar dish, wanda muke ce wa LNB. Da wannan wutar take ba shi umarni. In tashar da ka danna a jerin V take, wato masu siginar tsaye, risiba ta tura bolt 13. In a jerin H take, masu siginar kwance, ta tura 18. Sannan akwai wani sauti na 22kHz da take ƙarawa idan mitar tashar ta haura 11700. Ka ga rukuni huɗu ke nan, shi kuwa LNB mai baki ɗaya rukuni ɗaya tak yake iya bayarwa a lokaci guda. To ka zo ka yi masa iyayen gida biyu, wannan na cewa 13, wancan na cewa 18. Wa zai bi? Wanda ya fi ƙarfi. Ɗayan kuwa ya zauna da baƙin allo.

Mutuwar da ta Inna take yi in ka kashe ta falo, irin sifilitarka ce take barin wuta ta wuce ta baki ɗaya kawai, kuma bakin ka ba wa falo. An kashe falo, LNB ya rasa abinci.

Maganin: cire sifilitar nan, ka sayi LNB mai baki biyu, kowace risiba ka ja mata wayarta tun daga kan dish har ɗaki. In da hali ma mai baki huɗu ka saya, don na san halin gida, gobe wani zai ce shi ma.

Sabo_Mai_Shayi
Gaskiya Injiniya ban yarda da kai ba. Shekara uku ke nan ina da sifilita tsakanin teburina da cikin gida, ko sau ɗaya ba ta ba ni matsala ba. Ku dai masu saiti ba ku ƙi kullum a sayi sabon kaya ba.

Injiniya_Gumel
Malam Sabo, ba ƙarya ka yi ba. Sa'a ka ci, tashoshin da kuke kallo a tebur da cikin gida duk a rukuni ɗaya suke. Yau da dare ka bar ta tebur a inda take, ka shiga gida ka bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen jeri, ka dawo ka gaya mana nawa ne suka ƙi buɗewa. Kuma sifilita tana raba ƙarfin sigina, shi ya sa da hadari ya haɗo kai ne farkon wanda hotonsa zai fara kakkaryewa. Ni a Gumel nake, shi yana Taura, ko sisinsa ba zan gani ba.

Habu_Kwamfuta_Wudil
Ka duba bayan risibar falon. Wasu suna da baki biyu na waya, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Ka ɗauka daga na fitar ka kai ɗakin Hajiya, ba sai ka sayi komai ba.

Injiniya_Gumel
Habu, an gudu ba a tsira ba. Wannan bakin fitar ma bawan risibar farko ne, rukunin da take kai shi za ta miƙa wa ta biyu. Yana da amfani ga mutum ɗaya mai ɗaki biyu, wanda in yana nan ba ya can. Ga gidan da ake son kallo biyu a lokaci ɗaya, bai yi ba. Kuma yawancin ƙananan risibobin yanzu ba sa ma zuwa da shi.

Alhaji_Na_Maigatari
Ni abin da na yi a gidana ya fi wannan sauƙi. Risiba ɗaya ce a turakata, na ja waya daga bakin eriya na bayanta zuwa ɗakuna biyu. Abin da na kunna shi kowa zai kalla, in na kashe kowa ya kwanta. Ba rigimar rimot, ba yaron da zai buɗe abin da ban sani ba. Shekara bakwai ke nan, lafiya lau.

Maman_Khairat
Alhaji, ranka ya daɗe, lafiya lau a wurinka. Ka taɓa tambayar mutanen ɗakunan? 😅

Baban_Ummi_Taura
Alhaji na gode, amma wannan ba zai warware tawa ba. So nake Inna ta kalli tafsirinta a lokacin da yara ke kallon nasu. Injiniya, in na sayo mai baki biyun, ni da kaina zan iya sawa ko sai na kira mai saiti? Tsakanin dish ɗin da ɗakinta zai yi taku talatin.

Sadiq_Abuja
Me zai hana ka koma DStv kawai? Suna da tsarin XtraView, ana haɗa dikoda har uku a kan biyan kuɗi ɗaya, sai ɗan ƙarin da ake biya duk wata. Arewa24 ma tana ciki. Ko ka sa mata GOtv.

Dan_Gujungu
Sadiq, kai da jin maganarka an san ka daɗe ba ka zo gida ba. Mutum ya ce na kyauta yake kallo, kana kawo masa abin biyan wata. Mu nan sai an sayar da riɗi ake ganin kuɗi a dunƙule. GOtv kuma ai ba ta dish ba ce, eriya ce, daga turken da ke birni take ɗauka. In ka yi nisa da gari sai ka ɗaure ta a gora mai tsawon bishiyar giginya, iska na kaɗawa tana ɗaukewa.

Injiniya_Gumel
Baban Ummi, za ka iya in kana da natsuwa. Tunda kana kama Arewa24 a kyauta, tauraron ɗan Adam na Eutelsat 16A dish ɗinka yake kallo. Tauraron nan yana sama da mu da kusan kilomita 36,000, don haka ko kaurin yatsa farantin ya gusa, ka rasa shi. Kada ka jingina da shi, kada ka dafa sandar. Kafin ka kwance tsohon LNB, sa biro ka yi alama a wuyansa da jikin maƙalin, ka ga yadda ya karkata da iya inda ya shiga, sabon ma haka za ka zaunar da shi. Ka zare risibobin daga wuta tukuna, don wayar tana ɗauke da wuta, in silin gashin nan na gefe ya taɓa ƙarfen tsakiya zai iya ƙona maka risiba. Bayan ka ɗaura, ka buɗe inda ake ganin sigina, wani ya tsaya yana faɗa maka lambar inganci, kai kuma kana murɗa LNB a hankali har ta kai ƙarshen hawanta.

Taku talatin ba komai ba ne ga waya RG6 mai kyau. Amma guda ɗaya za ka ja, ba ƙulle-ƙulle. Wadda ka riga ka yanke ta falo ma, in za ka iya, canza ta.

Hajiya_Kazaure
Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Amma bari in faɗa maka abin da injiniyoyi ba za su faɗa ba. Ni ma 'ya'yana sun sa mini tawa a ɗaki, da firji da fanka, suka ce Hajiya ki huta. Wata biyu ina murna. Daga baya na lura in an yi isha'i ba mai leƙo ni, kowa ya san ina da abin kallo. Da kuwa ko ba komai jikoki suna hawa cinyata, ina yi musu faɗa suna dariya. Ka tabbata wa'azin Inna take zuwa nema a falonka, ba hayaniyar jikokinta ba? Tsoho ba ya faɗar abin da yake so kai tsaye. Ka sa mata, ban hana ba, amma kada akwatin ya zama dalilin da za a daina zuwa gaishe ta.

Baban_Ummi_Taura
Hajiya, wallahi jikina ya yi sanyi. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Maman_Khairat
Maganar Hajiya gaskiya ce. Ni kuma tunda Dan_Gujungu ya taɓo zancen amarya, bari in ba ku nawa. Da Abban Khairat ya ƙara aure, dish ɗaya ne a gidan, risibar tana ɗakina. Sai ya kira mai saiti ya ja wa amarya da sifilita. Ina tsaka da kallo sai hoto ya ɗauke, in leƙa ta taga in ji nata yana ta magana. Wata guda cur ina zaton da gangan take yi, ita kuma ashe in na riga ta kunnawa wasu tashoshin nata ba sa buɗewa, tana zaton ni ce na sa aka yi mata wani abu. Har gaisuwa muka rage. Ranar da wani yaro ya zo ya canza LNB, ya yi mana bayani a tsakar gida, kunya kamar ƙasa ta tsage. Yanzu in mun tuna sai dariya.

Malam_Na_Jahun
Madalla da mai tambaya, kyautata wa iyaye Allah ya gwama shi da bautarsa a Suratul Isra'i, aya ta 23. Masu mata biyu kuma su ji labarin Maman Khairat da kyau. Abin da ka sa wa ɗaya ka sa wa ɗaya, iri ɗaya, rana ɗaya in zai yiwu. Jan hankalina guda ne. Risiba in ta yi bincike, duk abin da ta tarar a sama take kwasowa, mai kyau da maras kyau. Ɗakin da ba idon babba, a zauna a goge tashoshin banza, a sa wa wurin bincike lambar sirri. Kuma a canza lambar, kada a bar sifili huɗun da ta zo da shi, yaran yanzu sun fi mu sanin wannan.

Dattijo_Garki
Ikon Allah. Yau ana muhawarar talabijin biyu a gida ɗaya a ƙauye. Lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe gidan talabijin na CTV 67 a 1982, duk nan jihar Kano muke, ba a yi Jigawa ba sai 1991. A garinmu akwati ɗaya ne, mai baƙi da fari, a ƙofar gidan dagaci. Da batirin mota ake kunna shi, a ɗora a kan turmi, manya a tabarma, yara a ƙasa, mata daga bakin zaure. In hoto ya fara yayyafi sai a tura yaro ya juya gorar eriya, ana ta ihu, ya yi, ya wuce, dawo kaɗan. In batir ya yi sanyi hoton ya riƙa tsukewa har ya koma kamar tafin hannu, sai kowa ya kama hanyar gida. Ban ce a koma can ba, gwiwata ni ma ba za ta yarda ba.

Sola_Babura
Kowa yana ta maganar waya, ba wanda ya tambayi wuta. Baban Ummi, da me kake kunnawa? In sola ce, ka sani baki ka ƙara a kan kwano ɗaya. Risiba ba ta da ci sosai, talabijin ce mai ci, inbata kuma ko ba ta aiki tana lasar nata. Tunda ƙarama ka saya, duba bayanta ko mai bolt 12 ce. In haka ne, ita da risibar duka za su iya sha kai tsaye daga batir, ba sai an bi ta inbata ba. Amma kada ka ja wayar 12 siririya har taku talatin, wutar za ta zube a hanya. Gara ka ajiye mata ɗan batirinta da ƙaramin fanel a kan ɗakinta.

Baban_Ummi_Taura
Sola ce, fanel biyu da batir ɗaya, ya kusa shekara uku. Wutar gwamnati kam turakun kawai muke gani.

Sola_Babura
To ka shirya, zai fara yi maka ƙorafi.

Auwalu_Mai_Waya_Ringim
Ƙarin bayani kan waya, don sana'ata ce. In za ka saya, tafi da ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika. Kanga shi a ƙarfen tsakiya. In ya kama, ƙarfe ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, yana aiki amma in ruwa ya shige shi sai tsatsa. In bai kama ba, ka kankare shi da wuƙa ka ga cikinsa ja ne har ciki. Ka duba gashin gefen ma, mai kauri ake so, ba wanda za ka iya ƙirga silinsa ba. Kuma tunda kusa da rumbu za ta bi, ka san ɓera yana nan. Ko ka ɗaga ta sama ka bi da ita kan katanga da kilif, ko ka zura ta a fayif ɗin roba ka binne. Kada ka bar ta tana lilo a tsakar gida, mata za su mayar da ita igiyar shanya, akuya kuma ta gwada haƙori. Inda za ta shiga ɗaki ka ɗan sako ta ƙasa sannan ta hau, don ruwan sama ya ɗige a waje maimakon ya biyo ta har bayan risiba. Bakin da ke kan LNB kuma a naɗe shi da baƙin tef.

Dan_Gujungu
Wasa a gefe, a kula da tsawa. Bara waccan cikin Agusta aka yi wata ƙara da daddare, ban kunna komai ba, na ma zare soket. Da safe risiba ta ƙi tashi, na juya bayanta na ga bakin waya ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙonannen roba. Ta wayar dish ta shigo. Yanzu da na ga gabas ta haɗe, wayar nake kwancewa gaba ɗaya. Ka koya wa wani yaro ya riƙa yi wa Inna haka, ita ba za ta iya murɗa wannan ɗan notin ba.

Ummu_Sumayya_Bichi
Don Allah Injiniya, in an sa mai baki biyun za ta samu tashar nan da ke nuna Ka'aba dare da rana? Kakata ita kaɗai take so.

Injiniya_Gumel
Malama, baki biyu ba ya ƙara tasha ko ɗaya, abin da dish yake gani shi zai raba wa mutum biyu. Tashar Harami ta Saudiyya ana samun ta a taurarin Arabsat da Nilesat, kowanne da inda yake fuskanta. Sai an ƙara wani LNB ko wani farantin, a haɗa su da 'yar na'urar da ake kira DiSEqC, kuma in risiba biyu ce kowacce da tata. Girman farantin da zai kama a garinku, mai saitin yankinku shi zai faɗa miki, don abin da ya yi a Maigatari ba lallai ya yi a Tudun Wada ba.

Sabo_Mai_Shayi
Injiniya na gwada. Goma sha ɗaya ne ba sa buɗewa. Amma duk na wasu yaruka ne da ba ma ji, don haka ni da sifilitata mutu ka raba.

Baban_Ummi_Taura
Jama'a na dawo da rahoto. Ban yarda da hannuna ba, na kira wani yaro daga Ringim, ya zo a babur ranar Asabar. Mai baki biyu na saya, bambancinsa da mai baki ɗaya bai kai kuɗin kaza ba. Wayar mun bi da ita ta kan katanga. Da ya kwance tsohon LNB sai ga gidan zanzaro a ƙarƙashinsa, har da tsatsa a bakin wayar. Kafin la'asar kowane ɗaki yana kallon abin da ya ga dama, na kashe ta falo ta Inna ko gezau.

Mun bar mata tashoshi shida kacal, na liƙa ɗan farin tef a kan madannin da za ta riƙa taɓawa. Ta sa albarka har sai da na ji ƙwalla. Ta ɗinka wa talabijin ɗin riga da ragowar atamfa, rimot kuma ta ƙulle shi a leda ta sa a cikin kwallarta ta goro. Sai dai Hajiya_Kazaure, kamar kina gidan. Daren farko ta kalli tafsiri ita kaɗai. Dare na biyu ta aika a kira mata Ummi da ƙannenta wai su zo su gyara mata sauti, ba su fito ba sai da barci ya kwashe su a kan tabarmarta, kuma da na leƙa wasan kwaikwayo ne a kunne, tana ta tambayar su wace ce wannan, me ya sa take kuka. Yanzu falon ni kaɗai ne a ciki.

Sola_Babura, kai ma maganarka ta fito, ƙarfe goma bai cika ba inbata take fara kuka. Ga uwar Ummi kuma ta fara cewa tunda abin ba wuya, ita ma ɗakinta ai da soket.

Injiniya_Gumel
Na ce maka mai baki huɗu.

Hajiya_Kazaure
Ka bar su a wurinta, ɗana. In batirin ba zai ɗauki biyu ba, ta falon za ka kashe, ka ɗauki buzunka ka bi su.

Habu_Kwamfuta_Wudil
Baban Ummi, in ba ka yar da sifilitar nan ba ina so. Zan shigo Gujungu kasuwa mai zuwa.